Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Limaman Juma'a Da Malaman Zaure Na Ƙasar Daura, Kan Ciyar Da Mai Shayarwa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai, ya ƙara muku lafiya da yawan rai, ya saka muku da alheri kan tsayuwar da kuke yi wa al'umma.

Ni ungozomar asibiti ce da ta yi ritaya. Na ci shekara 35 ina karɓar haihuwa da awon jarirai, mafi yawa a ƙananan asibitocin karkara tsakanin Daura da Sandamu da Zango da Baure. Ban taɓa buɗe baki a gaban malamai ba, ba haka aka tarbiyyantar da mu ba. Maganar da na zo da ita kuma ta nono da jego ce, wadda ake jin nauyin ambatonta a zaure. Ku yi mini afuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma Alƙur'anin da kuke karantar da mu ya ambaci shayarwa a fili, a Baƙara da Luƙman da Ahƙafi da Ɗalaƙi.

Duk ranar awo, ni da abokan aikina mukan tara mata a rumfa mu ce musu: a sa jariri a nono cikin sa'ar farko da haihuwarsa, a ba shi nono zalla har wata shida, ba ruwa ba komai, daga nan a fara ba shi abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Su ce "to", su yi ta gyaɗa kai. Wasu ma sun haddace maganar har sun fi ni iya jero ta. Sai su goya 'ya'yansu su koma gidan da ba su ne da iko ba. Cokalin da ake ɗura wa jariri ruwa yana hannun uwar miji. Kuɗin cefane yana aljihun miji. Daga uwar mijin har mijin babu mai zuwa awo. Na daɗe kafin in gane cewa shekara da shekaru muna yi wa wadda ba ta da ta cewa wa'azi ne. Mijin nan kuwa da ni ban taɓa samu ba, ku kuna samunsa duk Juma'a, ya tanƙwashe ƙafa yana saurarenku. Ranar suna da sassafe ma ga shi nan kusa da gwiwarku yana raɗa muku sunan da ya zaɓa.

Bari in ba ku labarin wata yarinya, ba zan faɗi sunanta ko garinsu ba. Cikin watan Afrilu ne, lokacin da rairayin ƙasar nan ke ƙona ƙafa ta cikin silifa. Ta zo da ɗanta ɗan wata uku, kwana huɗu yana gudawa, maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, kuka ma ba ya fita sai dai ya buɗe baki. Ita kanta ba ta wuce shekara 18 ba. Na tambaye ta me ake ba shi. Ta ce nono. Na ce da me? Ta dubi ƙofa, ta rage murya, ta ce Inna tana ba shi ruwa da cokali safe da rana da yamma, wai zafin nan ko babba bai iya jure shi, alhaki ne a hana jinjiri ruwa. Da ya fara rama sai aka ce nononta ne ba ya ƙosar da shi, aka shiga dama masa koko tsararo.

Na ce, ke fa, me kika ci yau? Ta ce koko. Daren jiya fa? Tuwon dawa da miyar kuka, abin da ya rage bayan an zuba wa kowa. Yaushe rabonki da nama ko ƙwai ko wake? Ta yi shiru tana lissafi, can ta ce, tun naman suna. Na kama damtsenta, yatsuna suka kusa zagaye shi. Na ja fatar idonta, fari fat, babu alamar jini.

Mijin yana waje a kan babur. Na sa aka kira shi na yi masa bayani. Ba mugu ba ne, kafin in gama idonsa ya cika da ƙwalla. Ya ce, "Wallahi Hajiya ba wanda ya taɓa gaya mini. Na yanka rago, na yi mata kayan fitar suna, na sayi itacen wanka na kwana arba'in. Na ɗauka na fita haƙƙinta." Allah ya yi yaron yana da sauran kwana, ya tashi. Amma maganar uban ta zauna mini a rai har yau, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mutumin nan ba ya fashin jam'i. Da ya taɓa jin wannan magana daga bakin limaminsu sau ɗaya, da ba mu haɗu da shi a wannan hali ba.

In fara da ruwa, don a nan ne gardama ta fi tsanani, kuma tsofaffinmu da tausayi suke yi. Nonon uwa, wajen kashi 87 cikin 100 ruwa ne, ruwan da Allah ya tace a jikin uwa, ba ƙwayar cuta, ba sanyi ba zafi. Wanda ya fara fitowa idan jariri ya kama tsararo ne, shi ke kashe ƙishi. In ya daɗe yana tsotso sai mai kauri da maiƙo ya biyo, shi ke ƙosarwa. Cikin jariri kuwa ɗan mitsitsi ne, ranar da aka haife shi abin da yake ɗauka a shan farko bai fi cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Duk cokalin ruwan da aka ba shi ya tare wurin nono. Ruwan kuma daga randa aka ɗebo, da moɗar da kowa ke sha, daga rijiya ko jarkar 'yan ga-ruwa. Hanjin babba ya saba, na jinjiri bai saba ba, sai gudawa. Sannan nono tsotso ne ke kawo shi. Jaririn da ya cika ciki da ruwa ba ya tsotso sosai, in bai tsotsa ba nono ya ragu, in ya ragu a ce ai ga shi ba ya isarsa, a ƙara masa koko ko madarar akuya, nono ya ƙara ja baya. Haka ake zagayawa har a wayi gari a ce nonon wance ya ƙafe, alhali mu muka ƙafar da shi. Idan zafi ya tsananta, uwar ce za ta sha ruwa ta ƙoshi, ta yawaita ba shi nono. In yana jiƙa tsumma da fitsari sau shida ko fiye a yini da kwana, yana ƙara nauyi a ma'auni, to ba ya tare da ƙishi.

Sai dakashi, nonon farko mai kauri da launin rawaya. Wannan ba zan yi maganarsa kamar wadda ta fi kowa sani ba, don a kaina aka yi. Da na haifi ɗana na fari, kafin in shiga makarantar aikin jinya, a gidanmu na yi wanka. Kakata, Allah ya jiƙanta, ta sa aka matse dakashin aka zubar, ta ce gurɓatacce ne. Kwana uku yaron yana shan ruwan ɗumi da ɗan zaƙi, ni kuwa ina juya masa baya saboda kunyar ɗan fari, ƙirjina ya cika yana ciwo, ban iya cewa a miƙo mini shi ba. Bai rufa wata ba ya kwanta ciwon ciki, da ƙyar aka same shi. Sai daga baya a aji na ji cewa abin da muka zubar a bayan ɗaki shi ne riga-kafin farko da Allah ya tanadar masa, cike da abin da ke tsare hanji da ƙirji daga cuta. Ban taɓa riƙe kakata a zuciya ba, abin da ta gada ta yi, kuma ƙauna ce ta sa ta. Amma har yanzu ana yi. Har yanzu akwai gidajen da ake tatsar nonon mai jego a jefa tururuwa a ciki, in ta mutu a ce nonon mugu ne, a hana jariri. Wace tururuwa ce za a jefa a ruwa mai kauri ta fita?

Na san za a ce mini, to tahniki fa? Sunna ce tabbatacciya, ba ni da bakin da zan taɓa ta, kuma fatawa taku ce. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa. Ɗan shafa dabino a dasashin jariri daban, abin da ake yi a ɗakunanmu daban. A ɗakunanmu ana ɗura zuma da cokali, ana ɗura rubutu, ana ɗura dauri da jiƙe-jiƙe, kwana da kwanaki, duk da sunan neman albarka ko maganin ciki. Zuma waraka ce ga babba, amma likitoci sun hana ba wa yaron da bai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a ciki wadda ke sanyaya jikin jariri har numfashi ya gagare shi. Roƙona shi ne ku rarrabe wa mutane inda sunna ta tsaya da inda al'ada ta ɗora. In an yi wa jariri rubutu, a ba uwar ta sha. A yi masa addu'a, a tofa masa. In ku kuka faɗa za a karɓa. In ni na faɗa sai a ce boko ne ya hana ta ganin girman rubutu.

Yanzu ga inda na fi so ku tsaya, wato cikin ita mai shayarwar.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai shayarwa tana fitar da kusan kashi uku cikin huɗu na lita na nono kowace rana a watannin farko. Masana sun ƙiyasta tana bukatar ƙarin abinci da ya kai kalori 500 a rana a kan abin da ta saba ci, wato kamar ƙarin kwano guda mai kyau. Wani abin mamaki cikin halittar Allah shi ne, ko uwa ba ta ƙoshi ba jikinta ba ya hana jariri. Yakan zari abin da ke cikin tsokarta da ƙashinta da jininta ya mayar nono. Shi ya sa za ku ga jariri ɓul-ɓul a bayan uwar da ta zama kamar kara. Tana biya ne da jikinta. Sai dai akwai iyaka: sinadarai irin su bitamin A da aidin da wasu daga bitamin B suna raguwa a nono in babu su a abincinta, ita kuma jiri da kasala da ciwo kan kayar da ita har ta kasa shayarwar. Maganin wannan ba gwangwanin madara ba ne, wanda kuɗin guda ɗaya zai sayi waken da za ta ci kwanaki, kuma a ƙarshe a riƙa tsinka shi da ruwa don ya daɗe. Maganin shi ne a ciyar da uwar, ita ta shayar da ɗanta.

Ku dubi yadda muka tsara jego. Kwanakin farko ana ji da ita: ga ƙauri, ga yaji, ga kunu, ga naman rago. Kwana arba'in ana dafa ruwan wanka safe da yamma. Ana yin arba'in sai a ɗauke hannu gaba ɗaya, kamar shayarwar ma ta ƙare, alhali saura mata wata 22 da 'yan kai. Ta koma ita ce ta farkon tashi, ita ce ta ƙarshen ci. Ta zuba wa maigida, ta zuba wa baƙi, ta zuba wa yara, ta kankare ƙanzo. In ta ce ranta yana son ƙwai ko hanta a ce kwaɗayi gare ta. Ni kuma, Allah ya gafarta malamai, ina wucewa da daddare ta bakin tasha in ga magidantan da na san matansu suna goyo, zaune a teburin mai shayi an soya musu ƙwai biyu, ko a gaban mai tsire. Ba haramun suka ci ba, guminsu ne. Amma da an naɗe rabin tsiren nan a takarda an kai ɗaka, da ya zama jini a jikin uwa, ya zama nono a bakin ɗa.

Kunun kanwa ma ina da magana a kansa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa a ƙasar Hausa, mace ta kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, suka kuma danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya kan gadon wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana ƙara wa zuciya aiki, ba ta kawo nono. Kunun gyaɗa ko na gero da waken suya ya fi mata amfani nesa ba kusa ba. Da za a rage rabin kuɗin itacen wanka a sayi wake da gyaɗa da shi, da an yi ciniki mai riba.

Ba abincin kanti nake nufi ba. Abin da muke nomawa ne muke ɗauka mu kai kasuwar Mai'adua ko ta Daura tun da kaka, mu bar gida da dawa zalla. Wake da gyaɗa da riɗi, a ware na mai goyo kafin a sayar. Awara da ƙuli-ƙuli. Kwaɗon zogale ko na rama. Kabewa da alayyafo da yakuwa a miya, da ɗan busasshen kifi da daddawa. Ƙwan kajin da ke yawo a tsakar gida, wanda ake tarawa a sayar ita ba ta ɗanɗana ba. Fura da nono in an samu. Mangwaro da gwaiba da gwanda a lokacinsu. Hanta ko sau ɗaya a mako. Gishiri mai aidin. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a asibiti, ta ci gaba da sha bayan haihuwa in an rubuta mata, kuma kada ta kora abinci da baƙin shayi, don yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfen da ke gina jini. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 58 cikin 100 masu shekarun haihuwa a Nijeriya suna da ƙarancin jini. Wannan binciken ne ya nuna jarirai 29 kacal cikin 100 ke samun nono zalla, kuma a jiharmu ta Katsina kusan shida cikin kowane yara goma 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Tsumburewar nan ba a tsayi kaɗai take tsayawa ba, har ƙwaƙwalwa take taɓawa. Yaran nan su ne gobe za a kawo muku da allo.

Na san halin da ake ciki, ni ma fansho nake jira. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tiyar hatsi ta fi ƙarfin magidanta da yawa. 'Yan'uwanmu na Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara 'yan bindiga sun raba da yawansu da gonakinsu. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Ta kuma auna iyaye mata 750 da suka kawo 'ya'yansu, ta tarar fiye da rabinsu su ma tamowar ce a jikinsu. Wannan adadi na biyu shi ya fi tsaya mini, don ya nuna daga inda ciwon ya faro. Saboda haka ba cewa nake ku hau mumbari ku kunyata talaka ba. Ayar Baƙara ta 233 da ta ce uwaye su shayar shekara biyu cikakku, ita ce ta ɗora ci da tufatar da su a kan uban ɗa gwargwadon abin da aka sani, kuma a cikinta aka ce ba a ɗora wa rai sai abin da zai iya. Abin da na lura shi ne rabin farko na ayar kowace mace ta san shi, an sha karanta mata. Rabi na biyu ne ba ya isa kunnen maza yadda ya kamata. Wanda yake da ɗan hali, ku gaya masa ciyar da mai shayarwa wajibi ne da ya riga ankon biki da sabuwar waya. Wanda yake da kaɗan, ku gaya masa ya sake rabon kaɗan ɗin, a fara zuba mata kafin a zuba masa. Wanda ba shi da komai kuwa, nauyinsa ya dawo kan jama'a, kuma ku ne kuka san ƙofar kowane gida a unguwa. Idan ana rabon zakkar hatsi da kaka, ko zakkar fid-da-kai, ko abin da masu hali ke kawowa masallaci, a riƙa tambaya: wane gida ne ke da mai goyo?

Ku kuka karantar da mu labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, daren da yake gadin wani ayari a Madina ya ji jariri yana ta kuka. Ya je ya yi wa uwar magana har sau uku, daga ƙarshe ta ce yaye shi take son yi da ƙarfi, don Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Da asuba kukan da shi Umar ya riƙa yi ya hana a ji karatunsa sosai, ya sa aka yi shela kada kowa ya gaggauta yaye, an yanka wa kowane jariri rabo tun daga haihuwa. Shugaba ne ya ji kukan jinjiri ɗaya ya canja dokar ƙasa. Idan kun samu zama da masu mulki da masu sarauta, kuna da wannan labari a hannu, kuma sun fi jin nauyinku a kan namu.

Akwai maganar azumi. A 'yan shekarun baya Ramadan ya riƙa faɗowa cikin bazara. Na sha ganin mai jaririn wata biyu ta kai azumi cikin zafin nan, leɓe ya bushe, tana tafiya tana dafa bango, don kada kishiya ko dangin miji su ce raguwa ce. Risala da ake karantawa a zaurukanku ta yi bayani: mai shayarwa in ta ji wa ɗanta tsoro, ba ta samu mai shayar mata ba ko yaron ya ƙi karɓar wata, ta sha azumi ta ciyar. Mata da yawa ba su san da wannan sauƙi ba, waɗanda suka sani kuma kunya ta hana su ɗauka. Ku faɗe shi a wurin tafsiri da lasifika yadda na cikin gida za su ji, ku kuma faɗi a kan wa ciyarwar take. Wadda ta ga za ta iya, a tanadar mata sahur na kirki da ruwa isasshe, a rage mata aikin rana.

Aikin ma abin dubawa ne. Jariri sabon haihuwa yana bukatar nono sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da kwana. Matar da za ta yi surfe, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta hura icce, ta yi wanki, yaushe za ta zauna ta ba shi har ya kai ga mai kaurin? Sai ta ɗan sa shi ya tsotsa ta cire, ya yi ta kuka, a ce nono bai ishe shi ba. Kuɗin niƙa a inji da jarka biyu ta ruwa da miji zai biya, su ma ciyar da jariri ne.

Sai kwanika. Mace na goyon ɗan wata takwas ko goma ciki ya shiga, rana ɗaya a shafa wa nono maɗaci, a ɗauki yaro a kai wa kaka, wai nonon mai ciki guba ne. Yawancin yaran da na gani da kumburin ƙafa da jan gashi daga irin wannan yaye suka fito. Nonon mai ciki ba guba ba ne. In cikin lafiyayye ne tana iya ci gaba da shayarwa, abin da take bukata ƙarin abinci ne, don yanzu rai uku take ciyarwa. Kun fi ni sanin hadisin da ke cikin Muslim kan gila, wato kusantar mai shayarwa ko shayarwa da ciki, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar hanawa, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi bai cutar da 'ya'yansu ba. Ku duba abin da malamai suka ce a kansa ku warware wa mutane. Kuma nono zalla da kansa yana taimakawa wajen jinkirta ɗaukar ciki a wata shidan farko, matuƙar al'ada ba ta dawo ba kuma ana shayarwa dare da rana. Gidan da ya fara ba da ruwa da koko tun wata biyu shi ke buɗe wa kwanika ƙofa.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Makon farko na watan Agusta, daga 1 zuwa 7, shi ne makon shayarwa na duniya, kuma yana faɗowa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, zazzaɓi da gudawa suka fi yawa. Huɗuba ɗaya a wannan mako za ta shiga gidajen da mu ba mu taɓa shiga ba. Wanda ya fi huɗubar ma a wurina shi ne safiyar suna. Bayan an shafa fatiha, kafin a raba goro a watse, ku riƙe hannun uban jariri ku gaya masa a gaban 'yan'uwansa: ragon nan ba shi ne ƙarshen haƙƙi ba, wata shida ba ruwa, shekara biyu tana shayarwa, cinta yana wuyanka. In kun haɗu da shi bayan arba'in, ku tambaye shi, ya mai jego, tana samun abinci? Tambayar liman ba ta faɗuwa ƙasa banza.

Ku kuma koya masa yadda zai tunkari mahaifiyarsa, don nan ne samari ke maƙalewa. Ba zai iya ce wa Inna ta ajiye cokali ba, kuma bai kamata ya yi mata tsawa ba. Amma zai iya durƙusawa ya ce, "Inna, Malam ya ce ruwan nan a riƙa ba uwar, shi a bar shi da nono." Tsohuwar da ba za ta saurari suruka ko ma'aikaciyar asibiti ba, in ta ji an ce Malam ne ya faɗa za ta tsaya. Malaman Islamiyyar matan aure su ma a sa su cikin maganar, don kakanni da yawa suna zuwa can. Kakar da ta gamsu, babu mai tsare jariri kamarta, na ga wadda ta ɓoye moɗa ta hana kowa kusantar jikanta da ruwa har ya cika wata shida.

In akwai abin da ya shige muku duhu ta ɓangaren lafiya, ma'aikatan asibitin da ke kusa da ku za su zo in kun kira su. Ni ma ƙafata tana iya kai ni. Duk zauren da aka neme ni zan zo da lulluɓina in zauna daga bayan ƙofa, ku yi tambaya in amsa abin da na sani, ku kuma ku gyara mini inda na yi kuskure a abin da ya shafi addini.

Wassalamu alaikum.

'Yarku kuma ɗalibarku,
Ungozomar asibiti mai ritaya,
Daura, Jihar Katsina.